Littafin Koelle da Bashin da ke Kan Gidajen Ajiya

A shekara ta 1854 aka buga wani babban littafi a birnin Landan mai suna Polyglotta Africana. Wanda ya tattara shi wani Bajamushe ne, Sigismund Wilhelm Koelle, ɗan mishan na CMS, wanda ya sauka Saliyo a 1847, ya yi koyarwa a makarantar Fourah Bay. Littafin jeri ne na kalmomi da gajerun jimloli 283, a cikin harsuna wajen 156 na Afirka. Yau fiye da shekara 170 ke nan yana ajiye a ɗakunan karatu. Ya isa a auna shi, gama a cikin labarinsa ana ganin abin da gidan ajiyar littattafai yake iya yi wa ƙaramin harshe, da kuma inda ƙarfinsa yake tsayawa.

Koelle bai zaga ƙasashen da ya rubuta harsunansu ba. Harsunan ne suka zo wurinsa, ta hanya mai ban tausayi. Bayan Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, jiragen ruwanta na yaƙi suka riƙa tare jiragen masu fataucin mutane a teku, suna sauke waɗanda aka ƴanta a Firitawun. Da haka gari guda ya cika da mutane daga Senegal har Angola da Mozambik. A cikinsu ne Koelle ya sami mutum fiye da 200 da suka zauna da shi, yana tambaya, suna ba da amsa.

Abu biyu ne suka sa littafin ya cancanci yabo. Na fari, Koelle bai ɓoye bakin da ya ji magana daga gare shi ba. A gabatarwar littafin ya rubuta sunan mai ba da kalmomin, da garinsu, da yadda aka kama shi, da shekarun da ya yi rabonsa da gida, da yawan ƴan uwansa da ke Saliyo. Saboda haka mai karatu yana iya sanin yadda zai dogara ga kowane jeri. Na biyu, bai fifita babban harshe a kan ƙarami ba. Hausar Kano da ta Katsina suna ciki, Barbarci da Fulatanci suna ciki, amma Bolanci da Karekare da Bade da Ngizim da Duwai da Buduma su ma an yi musu tambayoyi iri ɗaya, an ba su layi iri ɗaya. Harsuna da yawa ba su da wani rubutu da ya girmi wannan.

Duk da haka akwai giɓi, kuma ba ƙarami ba ne. Jerin kalmomi ba harshe ba ne. Mutum yana iya sanin sunan kai da ƙafa da ruwa da wuta, amma bai san yadda ake gaida suruki ko yadda ake yi wa mai makoki ta'aziyya ba. Waɗansu daga cikin masu ba da amsar sun yi shekaru da yawa ba su sami wanda za su yi harshensu da shi ba, ga mantuwa kuwa ba ta sallama. Kusan dukansu maza ne, watau maganar mata ta wajen daka da goyo da biki ba ta sami shiga ba. Rubutun kuma bai kama karin sauti yadda ya kamata ba. Bahaushe ya san nauyin wannan, tun da yake karin sauti kaɗai ne ya raba fari na launi da fari na rashin ruwan sama.

Koelle da kansa ya san akwai abin da ya fi jeri. A wannan shekara ta 1854 ya fitar da nahawun Barbarci da wani littafi na karin magana da tatsuniyoyi da labarun Barno, yawancinsu daga bakin Ali Eisami, mutumin Barno da aka sauke a Saliyo a 1818. A can ana jin mutum yana magana da cikakkiyar jimla. Amma Barbarci babban harshe ne. Ƙananan harsuna jerin nan kaɗai suka samu.

Giɓin da ya fi kowanne girma shi ne wanda aka rubuta littafin dominsa. An ba da ma'anar kalmomin da Turanci da Jamusanci, an buga shi a Turai, masanan Faransa suka ba shi lambar yabo ta Volney. Ba a yi shi domin mutumin Fika ko na Gashuwa ba. Gidajen ajiya sun riƙe amana, lalle, da ba domin su ba da gara da ƙura sun gama da shi. Ajiyarsu ce ta sa aka iya sake buga shi a 1963, tare da gabatarwar P. E. H. Hair. A 1964 Philip Curtin da Jan Vansina suka yi amfani da shi suka bi sawun wuraren da aka kwaso bayi. A 1975 Russell Schuh ya gwada jerin Bade da Ngizim da Duwai da yadda ake yin harsunan a zamaninsa. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Sai dai cikin dukan shekarun nan maganin masana ya yi wa aiki, jikokin masu kalmomin kuwa galibinsu ba su ma san da shi ba.

Abin da ya kamata ya biyo baya an gan shi a Jihar Yobe ta Nijeriya. Schuh da Alhaji Maina Gimba, wanda Bolanci ne harshensa na haihuwa, suka yi aiki tare da masu harsunan da kansu, aka buga ƙamus na Bolanci da Ngizim da Karekare da Ngamo da Bade a Potiskum a 2004, aka sake fitar da su da ƙari a 2009. An ba da ma'ana da Hausa da Turanci, har malamin firamare na ƙauye yana iya buɗawa ya gane. Haka kuma shirin ceto tsofaffin takardu da babban ɗakin karatu na Ingila ya fara a 2004 ya kafa sharaɗi cewa takardun asali su zauna a ƙasarsu, hotonsu kaɗai za a kai waje. Shi ma Polyglotta an ɗauki hotonsa an sa a intanet. Wannan ci gaba ne, ko da yake hoton tsohon rubutu mai wuyar karatu bai zama littafi a hannun yaro ba tukuna.

Maganar ta shafi masu jin Hausa fiye da yadda ake zato. A Yobe da Bauci da Filato da waɗansu wurare, harshen da yara suke komawa gare shi in sun bar na kakanninsu Hausa ne. Saboda haka ɗakin karatu na makaranta, ko na ikilisiya, ko na gari, da yake a irin waɗannan wurare yana da aiki uku a gabansa. Ya nemo kwafin abin da aka taɓa rubutawa a harsunan yankinsa, ya sa shi inda za a gani. Ya ɗauki muryar tsofaffi, maza da mata, suna hira da tatsuniya, a rubuta sunan mai magana da garinsu kamar yadda Koelle ya yi, da yardarsu. Sa'an nan ya bar kwafi a hannun jama'ar, da bayani a harshen da suke karantawa.

Hukuncin da ya dace da littafin Koelle shi ne, ya yi rabin aikin, ya kuwa yi shi da gaskiya. Gidajen ajiya ma sun yi nasu rabin. Iri ne aka zuba a rumbu, aka tsare shi daga ɓera da ruwa har tsara biyar ko shida. Sauran aikin shi ne a buɗe rumbun a mayar wa masu gona, tun akwai tsofaffin da za su ji kalmar su ce haka ake faɗa, ko kuwa su gyara ta.