Test262 da nauyin da ke kan masu kula da shi

Kafin Chrome 70 ya fito a Oktoban 2018, idan mai rubuta manhaja ya ba shi sunayen ɗalibai sama da goma ya ce a jera su bisa maki, waɗanda makinsu ya zo ɗaya suna iya sauya wuri da juna. Firefox kuwa yana barin su yadda ya same su. Babu wanda ya saɓa doka a lokacin, domin ECMAScript, ƙa'idar da harshen JavaScript ke bi tun 1997, ba ta yanke hukunci a kai ba. Sai a bugun 2019 aka wajabta barin kowa a matsayinsa.

To wa ke tabbatar da an bi? Test262, tarin gwaje-gwajen da kwamitin TC39 na ƙungiyar Ecma ke riƙe da shi a GitHub. Ya samo asali ne daga gudummawar Microsoft da Google a zamanin bugu na biyar na ƙa'idar, yau kuma fayilolinsa sun haura 50,000. Kowane fayil yana ɗauke da bayani a samansa da ke nuna sashen ƙa'idar da yake gwadawa, kuma yawancinsu sau biyu ake gudanar da su, a tsattsauran yanayi da sassauƙa. Injinan da ke gudanar da JavaScript a burauza, wato V8 da SpiderMonkey da JavaScriptCore, duk da shi suke auna kansu.

Sabon salon da kwamitin ya ɗauka a matakan da shawarar ƙari ga harshen ke bi shi ne mataki na 2.7: duk shawarar ƙarin da aka amince da tsarinta sai an rubuta mata gwaji kafin ta hau mataki na 3, inda masu injina ke fara gina ta. Wannan daidai ne. Mai rubuta gwaji shi ke fara cin karo da jimlar da ke da fuska biyu, kuma gyara ta a takarda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba fiye da bayan miliyoyin shafukan intanet sun dogara da kuskuren.

Sai dai tsarin ya ƙara wa mutane ƙalilan kaya. Temporal, shawarar gyara lissafin kwanan wata da ta kai mataki na 3 a 2021, ita kaɗai ta zo da dubban gwaje-gwaje, kowanne kuma sai wani ya zauna ya karanta shi layi-layi yana gwama shi da ƙa'ida. Gwajin da ke da kuskure yana iya sa injina uku su kwaikwayi kuskuren tare. Injiniyoyin ƙananan kamfanoni irin su Bocoup da Igalia sun sha ɗaukar wannan aiki bisa kwangila, kwangila kuwa tana ƙarewa. Google da Apple da Microsoft, waɗanda burauzarsu ke cin moriyar tarin kullum, ya kamata su ware albashin dindindin ga masu bitar, yadda suke biyan masu gina injinan.