Gani Ya Kori Ji, Amma Kada Mu Zubar da Kaset

Ranar Asabar, bayan Isha'i, samarin Sabo suka jawo mu kallon wani abu mai ban mamaki: wasan talabijin na 1966 wanda hotonsa ya ɓace, murya kaɗai ta rage. Sunansa The Power of the Daleks, daga jerin Doctor Who na BBC.

Ga yadda abin ya faru. A wancan zamani faifan bidiyo na da tsada, sai BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shirye tana naɗar sababbi a kai, har zuwa 1978. Amma wasu 'yan kallo a Ingila sun riƙa kunna rakoda suna naɗar sautin a gida. Ɗaya daga cikinsu, Graham Strong, har waya ya jona cikin talabijin ɗin don muryar ta fita tas. Da irin wannan sauti aka yi zanen katun na kashi shida na wasan a 2016.

To, ya yi daɗi? Muryar dai ta yi. Mu da muka tashi da rediyo a kunne ba mu sha wahala ba. Butum-butumin nan Dalek, da ke rantsuwa shi bawan mutane ne alhali makirci yake ƙullawa, muryarsa kawai ta isa ta tayar da tsigar jiki. Amma zanen ya gaza. Fuskoki a sandare, tafiya kamar an ɗaure ƙafa. Patrick Troughton kuwa ɗan wasa ne da rabin gwanintarsa ke ido da gira. Duk inda magana ta tsaya aka yi shiru, sai ka ji kana kallon cankar mai zane, ba wasan ba.

Shaidar wannan daga ƙasarmu ta fito. A 2013 aka sanar cewa Philip Morris ya gano kashi tara na Doctor Who a wata tashar talabijin a Jos, biyar daga cikinsu na The Enemy of the World. Shekara da shekaru masu sauraren muryar wannan labari ba su ɗauke shi da daraja sosai ba. Da aka ga Troughton da ido yana fitowa a mutum biyu, likita da azzalumi Salamander, sai ra'ayi ya juya. Gani ya kori ji.

Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Abin da hukuma ta goge, ɗan kallo da rakodarsa ne ya cece shi. Nan ne abin ya taɓa mu. A Ibadan ɗin nan aka buɗe WNTV a 1959. Iyayenmu sun yi dariyar Samanja da Karkuzu, wasu sun naɗa, wasu an aiko musu da kaset daga Arewa. Ina kaset ɗin yanzu? Suna cikin adaka, raɓa da gara na ci.

Jama'a, kafin a share ɗakin marigayi Alhaji a zubar da "tarkace", a kunna a ji tukuna. A ba yara su mayar da shi cikin kwamfuta. Wataƙila abin da ke ƙarƙashin gadonku shi kaɗai ya rage a duniya.