Daddawar batso da ƙofofin zuciya

A Dakusa, ƙasar Damagaram, idan an gama yankan yakuwa ba a zubar da ƴaƴanta. Gurguzu ake ce musu, ƙanana ne masu tauri kamar tsakuwa, kuma su mai daddawar batso ke jira.

Tana fara da bakace a faifai, ta tsince tsakuwa, ta wanke. Sai tukunya ta hau murhu. Gurguzu ba ya nuna da wuri, yakan cinye wuni da itace mai yawa, don haka take zuba ruwan toka, wato ruwan da aka tace ta cikin toka, ya taimaka ya sassauta ɓawon. Ba ta duba agogo. Takan ɗebo ƙwaya ɗaya ta matse tsakanin yatsu biyu. In ta murƙushe, ya yi. Ta tsane, ta rufe ruf a wuri mai ɗumi, ta bar shi kwana biyu ko uku. Daga nan turmi, ta sake rufewa, ta cura, ta shanya. Hancinta ne ma'auni, ya san warin da ke nufin ya kai da wanda ke nufin ya lalace.

A kwanakin rufin nan wasu ƙwayoyin halitta, Bacillus, ke farfasa furotin ɗin gurguzu, su saki wani sinadari mai suna gulutamet. Shi ke sa miyar kuka ta yi garɗi. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya ware shi daga ciyawar teku a 1908, shi kuma ake sa wa dunƙulen da wasu ke marmasawa a miya cikin ƙiftawar ido, ba murhu ba turmi.

A kan harshe akwai ƴan ƙofofi da gulutamet ke buɗewa kamar makulli da kwaɗo. Ƙwaƙwalwa na da nata, da su jijiyoyi ke aika saƙo. An kuma samu irinsu a zuciya, har da wadda ake kira NMDA. A gwajin da aka yi da ƙwayoyin zuciyar ɓera, in ƙofar ta daɗe a buɗe sai sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki fiye da kima, ƙwayar ta shiga tara wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu cin jikinta kamar yadda tsatsa ke cin fartanya.

Kada wannan ya tsorata mai son miya. Yawancin gulutamet na abinci hanji ne ke ƙone shi ya samu ƙarfi, kaɗan ne ke kaiwa jini. Abin lura a dunƙule gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana. Mai daddawa takan gutsuro rabin curi, ta daka da barkono, ta ɗanɗana tukuna kafin hannunta ya je ga gishiri.