Haƙurin da ke cikin labaranmu, wa ya taɓa warkarwa?

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wani labari da muka cika rubutawa har ya zama kamar waƙar ƴan lakwal. Ɗan Tasawa ko Mayahi ya ci bak, ya samu buris, ya tafi Aljeriya ko Maroko. Sanyi ya kama shi, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya haɗiye parasetamol, ya shiga jarrabawa jiki na rawa, ya ci. Ƙarshe ya dawo da diflom, tsohuwa na guɗa. Na karanta irinsa ya fi a ƙirga, kuma wallahi duk jarumi ɗaya ne, suna kawai ake canzawa.

Ban ce ƙarya ake ba. Wahalar gaskiya ce. Abin da nake suka shi ne yadda marubutanmu ke mayar da ciwo ado. A waɗannan labarai ciwo ba shi da suna, "rashin lafiya" kawai. Ba likita, ba gwajin jini, ba abokin da ya ce tashi mu je asibiti. An kawo cutar ne don a nuna mana namiji, shi ke nan. Ƴa mace kuwa ko leƙowa ba ta yi.

To bari mu ba ciwon suna. Ɗalibi ya zo hutu gida cikin damina, Agusta da Satumba, lokacin da sauro ya fi yawa a jihar Maraɗi. Ya koma karatu da palu a jininsa bai sani ba, don cutar kan yi mako ɗaya ko biyu kafin ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da palu a 2010, Aljeriya kuma a 2019. Ke nan likitan can ba kullum yake ganinta ba. In ba ka buɗe baki ka ce daga Nijar ka taso ba, a gwada ka, ana iya ɗaukar ta mura. Irin palun da ke ƙasarmu kuwa, in aka yi jinkiri yana iya hawa kai cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka ga jarumin da ya haɗiyi ƙwaya ya wuce aji, caca ya yi da ransa.

Haka mai amosanin jini da ya sauka gari irin Setif, inda ƙanƙara ke zuba da hunturu: sanyi da rashin shan ruwa su ne ke tayar masa da ciwon. Haka mai tarin da ya wuce mako biyu. Haka wanda gajiya ta danne, ba barci, ba cin abinci, ya kulle ɗaki yana jin kunyar a ce ya gaza.

Me ya sa muke ɓoyewa? Mun sani ai. An sayar da akuya da damen hatsi aka yi ma guzuri. Buris ya yi jinkiri. Ka kira gida, baba ya ce ya karatu, ka ce lafiya lau. Nan fa labarin yake! Wannan "lafiya lau" ta fi ranar diflom nauyi, amma alƙalaminmu tsallake ta yake yi.

Ƙannenmu na lise suna karanta ɗan littafin ga, kuma gobe su ne za su hau jirgi ko su bi hanyar Kano. Abin da suka gani mun yaba shi za su kwaikwaya. Don haka mai rubutu, nuna mana wanda ya je asibiti, ya karɓi takardar likita ya kai makaranta, ya sake jarrabawar daga baya. Nuna mana wanda ya maimaita shekara ya dawo da ransa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, gaskiya ne, amma sai yana raye zai sha romon.