Gem Mai Labari: Hannu Na Tuntuɓe, Zaɓi Na da Nauyi

A gidajen gem na garuruwanmu, daga Talata Mafara zuwa Bakura, ƙwallo ce sarauniya. Kuɗin wasa ɗaya ake biya, janareta na shan mai, wasu na jiran layi, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ya koma benci. FIFA da PES da Mortal Kombat sun dace da wannan ciniki. Akwai kuma wani nau'in gem da bai shiga wannan tsari ba, wanda labari ne jigonsa, mai wasa kuma shi ke yanke abin da zai sami mutanen cikinsa. Yana cin sa'o'i, sai an adana inda aka tsaya, shi ya sa ya fi zama a waya da kwamfuta.

Abin da aka fi kushe shi da shi, wuyar sarrafawa ne, kuma kushen na da gaskiya. A Heavy Rain, wanda kamfanin Quantic Dream na Faransa ya fitar a 2010, tafiya ma sai ka danne maɓallin R2 sannan ka karkata, mutum ya yi ta karo da ƙofa. The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, rabinsa lalube ne da danna maɓalli cikin gaggawa. Duk da haka ya kwashi kyaututtukan gwarzon gem na shekarar.

Kashi na biyu na The Walking Dead ya ishe mu bayani. Yunwa ta kama ayari, an danƙa wa Lee Everett, jarumin da kake sarrafawa, abinci guda huɗu, bakuna kuwa goma. Ba harbi, ba gudu, saurin yatsa ba ya fid da kai. Ka ba Clementine, yarinyar da kake riƙo, ko dattijon da ya tsane ka amma 'yarsa ce ke riƙe da rumbu? Duk wanda ya taɓa raba tuwo a gidan da hatsi ya ƙare kafin kaka ya san nauyin wannan. A zance kuma lokacin amsa ƙayyadadde ne, shiru ma amsa ce da za a riƙe maka.

Masu suka na cewa yaudara ce, tunda duk hanyar da ka bi Lee ba ya tsira a ƙarshe. Ban yarda da su ba. Muna da tatsuniyoyin da ke ƙarewa da tambaya, a ce cikin samarin nan uku wa ya cancanci yarinyar, yara su kaure da gardama. William Bascom ya tattara irinsu daga sassan Afirka a littafinsa na 1975. Amsarka ba ta sauya tatsuniyar, halinka take fitarwa fili. Telltale ya gane haka, shi ya sa ƙarshen kowane kashi yake nuna maka kashi nawa cikin ɗari na 'yan wasa suka zaɓi abin da ka zaɓa.

Heavy Rain ya fi rassa na gaske, domin jarumansa huɗu ne, wasu na iya mutuwa labari ya ci gaba. Amma raina bai kwanta da shi ba. An sace ɗan Ethan Mars, ɗaya daga cikin jaruman, ana gwada uban, har a nemi ya yanke yatsansa. A Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, inda aka sace ɗalibai fiye da 70 daga makarantar sakandare ranar 1 ga Satumba 2021, tambayar abin da uba zai bayar don ɗansa ba ta nishaɗi ba ce. Wasan ya mai da azabar abin kallo, ya manta da maƙwabta da dangi da karo-karon da ke ɗaukar irin wannan nauyi a wurinmu.

Babban cikas ga ɗan wasa Bahaushe harshe ne. Zaɓi huɗu cikin Turancin Amurka, daƙiƙu na gudu, sai ya danna abin da ya samu, nauyin zaɓin ya zube. Wannan nau'i kuwa rubutu ya fi buƙata a kan zane mai tsada. Manhajar Twine, da ta fito a 2009, kyauta ce, ana gina labari mai rassa da ita ba tare da ƙwarewa a kwamfuta ba. Marubutan littattafan Kano da na Kannywood sun daɗe suna saƙa rikicin kishiya, gado da auren dole, waɗanda kowannensu mararraba ce da za a iya miƙa wa mai wasa da Hausa.