Inda Muryar Jitar Bes Take Fitowa

Duk wanda ya taɓa riƙe jitar bes ba tare da an jona ta da amfilifaya ba ya san kusan bebiya ce. Katako ne curarre, babu ƙoƙo babu rami, ga tsirkiyoyi huɗu masu kauri da ba a jin su idan an yi taku biyar. Muryar da ke girgiza ƙirjin mutum a zauren wasa tana fitowa ne daga wani ɗan akwati da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, wato maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke kira fikof. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar makirfo ne, mai kwashe abin da ya ji ya miƙa. Ni a ganina ba haka yake ba. Maɗaukin sauti zaɓe yake yi: ya ɗauki wani ɓangare na motsin tsirkiya, ya watsar da wani, kuma wannan zaɓen shi ya haifar da muryoyin bes da duniya ta sani.

Ginin nasa ba shi da wuyar fahimta. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, mai kaurin kusan milimita 0.06, zagaye dubbai, galibi dubu takwas zuwa dubu goma. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu naɗa koyil ɗin fanka ya ga irin aikin, sai dai wannan wayar ta fi tasu siranta nesa ba kusa ba. Maganaɗisun yana shafar tsirkiyar ƙarfen da ke samansa. Idan ta motsa sai ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin ya riƙa sauyawa, sai 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar tana kai-komo daidai da motsin. Ka'idar da Michael Faraday ya gano ke nan a 1831. Saboda haka ba iska na'urar take saurare ba, ƙarfe take bi. Da za a kwantar da ita ƙarƙashin tsirkiyar goge, wadda gashin wutsiyar doki ce, ko ƙyas ba za ta ce ba.

Leo Fender ne ya fitar da Precision Bass a 1951 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, da naɗi guda ɗaya da turakun maganaɗisu huɗu, kowace tsirkiya da nata. Sautin a fili yake, amma naɗi guda yana da aibi: yana kwaso ƙugin wutar gida daga taransifoma da fitilu da wayoyin bango. A Amurka wutar tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, a Turai da Najeriya da Nijar sau 50. Ga mai bes wannan babbar damuwa ce, domin tsirkiyarsa mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, mai bi mata sau 55. Ƙugin yana zaune ne a tsakiyar gonarsa, ba yadda za a yi a yanke shi ba tare da an taɓa kiɗan ba.

Maganin da Fender ya kawo a 1957 har yau ina ganin babu dabarar da ta fi shi kyau a wannan fage. Ya raba maɗaukin gida biyu, kowane rabi yana kula da tsirkiya biyu. An naɗa ɗaya ta dama, ɗayan ta hagu, aka kuma juya fuskar maganaɗisunsu. Ƙugin da ya shigo daga waje yana faɗa wa duka biyun, sai na wannan ya kashe na wancan, sautin tsirkiya kuwa ya wuce lafiya. Seth Lover na kamfanin Gibson ya yi amfani da irin wannan tunani a jitar gama-gari a daidai wannan zamanin, amma nasa naɗin biyu ne jere ƙarƙashin kowace tsirkiya. Na Fender kowace tsirkiya naɗi ɗaya take gani, gajere mai faɗi, tana kaɗawa tsakanin turaku biyu maimakon a kan guda, abin da ke tausasa bugun farko. Abin da ya fito murya ce mai tsoka a tsakiya, wadda ke samun mazauni cikin taron kayan kiɗa ba tare da ta ture kowa ba. Da irin wannan jita, ƙirar 1962, James Jamerson ya yi yawancin aikinsa a kamfanin faifai na Motown da ke birnin Detroit, da tsirkiyoyi masu santsin naɗi da suka tsufa, da soso a ƙarƙashin murfin jaki, da yatsa guda.

A 1960 Fender ya fitar da Jazz Bass mai dogayen naɗi biyu sirara, ɗaya wajen wuya, ɗaya kusa da jaki. Wannan jitar ce ta fi kowace bayyana abin da nake ganin shi ne ginshiƙin maganar, wato mazaunin maɗaukin.

Tsirkiya ba motsi ɗaya take yi ba. Tana lilo gaba ɗayanta, kuma a lokaci guda tana girgiza rabi-rabi, kashi uku-uku, huɗu-huɗu, har sama. Babban lilon shi ne ke ba da kaurin sauti, kuma ya fi faɗi a tsakiyar tsirkiya. Kusa da jaki ya kusa mutuwa, sai ƙananan girgizan nan masu kaifi suka fi fitowa. Kowace ƙaramar girgiza kuma tana da wuraren da take tsaye cik, kuma maɗaukin da aka dasa a ƙarƙashin irin wannan wuri ba zai ji ta ba sam. A tsirkiya mai tsawon inci 34, matsar da na'urar da faɗin yatsa ɗaya yana sauya abin da take ji. Kamfanin Fender da kansa ya matsar da maɗaukin jaki na Jazz Bass kusan santimita ɗaya a farkon shekarun 1970, kuma makaɗa suna jin bambancin: sautin sabon mazaunin ya fi tsauri da ƙyalli, irin wanda aka san Marcus Miller da shi a jitarsa ƙirar 1977. Jaco Pastorius ya jingina ga maɗaukin jaki a jitar da ya cire wa ƙarafan wuya, yana bugu dab da jakin, ya samu murya mai hanci da ke fita ɗaya bayan ɗaya ko da gudu yake. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, da jita irin wannan, ya danne kaifin, ya fitar da sauti mai nauyi da zagaye. Idan kuma aka buɗe maɗaukan duka biyun, wasu sautukan tsakiya sukan kashe juna, sai a bar ƙasa da sama, ƙugin ma ya ɓace.

Gibson ta bi wata hanya: a jitocinta EB-0 da EB-3 ta manna ƙaton maɗauki a gindin wuya, da naɗi mai yawan gaske. Sautin ya cika da duhu har makaɗa suka yi masa laƙabi da taɓo, duk da cewa Jack Bruce na ƙungiyar Cream ya mai da wannan duhun makami. Dalilin a fili yake. Ƙarin naɗi yana ƙara ƙarfin wuta, amma yana sauko da wurin da na'urar ta fi amo, yana cinye sautukan sama. Kebul mai tsawo ma haka yake yi, abin da masu wasa a manyan dandamali suka daɗe da lura da shi.

Don kauce wa wannan asara ne aka shigo da batir cikin jita. Kamfanin Alembic ya fara a kusan 1969, sannan jitar StingRay ta kamfanin Music Man, wadda Leo Fender ke da hannu a ƙirarta, ta yaɗa abin a 1976: babban maɗauki mai naɗi biyu da turaku takwas manya-manya, can wajen jaki, da ƙaramin amfilifaya mai batir na bolt 9 a cikin jikin jitar. Louis Johnson ya nuna abin da take iyawa idan ana marin tsirkiya da babban yatsa. Kamfanin EMG ya ƙara gaba, ya rage naɗin ya saka amfilifayar cikin akwatin maɗaukin kansa. Tsabta ta samu, ƙugi ya tafi. Sai dai akwai masu cewa an tafi da wani ɗumi, kuma ban ga laifinsu ba, domin ɗumin da suke nema shi ne dai wannan asarar da aka magance.

Inda nake rabuwa da kasuwa shi ne yawan surutu kan maganaɗisu. Gaskiya ne alniko, gamin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobalt, ya bambanta da na siramik, kuma neodimiyam ya fi su ƙarfi. Amma ba a sauya maganaɗisu shi kaɗai. Da shi ake sauya turaku da siffar naɗi, don haka yawancin abin da ake jingina masa na ginin gaba ɗaya ne. Haka adadin om da ake rubutawa a kwali: tsawon waya da kaurinta yake nunawa, ba daɗin murya ba. Abubuwan da ba a tallata su sun fi tasiri. Naɗin da ba a tsoma shi cikin kaki ba yakan yi kuwwa idan an ɗaga sauti. Maɗaukin da aka ɗaga ya kusanci tsirkiya da yawa yana janyo ta, sauti ya riƙa rawa ya mutu da wuri. Wanda aka nutsar kuma ya yi rauni.

Saboda haka, kai mai koyon bes da ke tara kuɗin sayen sabon fikof, kafin ka kashe ko kwabo ka ɗauki sukudireba ka gyara tsayin wanda kake da shi, ka sauya tsirkiyoyin da suka mutu, sannan ka matsar da hannunka daga jaki zuwa wuya kana bugun sauti guda kana saurare. Idan bayan wannan muryar da kake nema ba ta fito ba, to ka duba inda aka dasa maɗaukin a jitar wanda kake sha'awar kiɗansa kafin ka tambayi irin maganaɗisun da ke ciki.