Zaure, Baranda da Rumfa: Sharhi a kan Fassarar Wasu Kalmomin Gini, da Misalai daga Galtimari

1.0 Gabatarwa

Galtimari unguwa ce a Maiduguri, cikin Ƙaramar Hukumar Jere, daura da Barikin Giwa. Sunanta na Barbarci ne: Galtima, wato Galadima, da ɗafin -ri mai nuna mazauni, kamar yadda ake samu a Shehuri da Hausari. Ke nan takwarar Galadanci ce ta birnin Kano. Amma Hausa ce harshen da ya haɗa magini da mai gida da mai sayar da bulo, kamar yadda take a yawancin birnin. Unguwar tana cikin waɗanda ambaliyar 10 ga Satumba, 2024 ta shafa bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, kuma duk inda gidaje suka rushe, dole a ƙidaya abin da ya faɗi, a kira kowane sashe da sunansa, sau da yawa a takardar da aka tsara da Ingilishi.

Wannan takarda za ta yi sharhi ne a kan wata al'ada da ta daɗe a fassara tsakanin Hausa da Ingilishi, wato ɗaukar zaure da baranda da rumfa tamkar 'yan uwan porch da veranda da arcade. An shigo da Sifaniyanci a matsayin shaida ta uku, domin muddin da Ingilishi kaɗai ake auna Hausa, duk giɓin da aka gani sai a ɗora wa Hausa laifinsa.

2.0 Zaure

A littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954), da rubuce-rubucen Turawa da dama na wannan zamani, entrance-hut ake kiran zaure. Masu fassara na baya kuma suka riƙa sauƙaƙa shi zuwa porch. Ta farko ta rage masa daraja, domin bukka ba ta da daɓe da rufin azara da adon da ake yi wa zauren attajiri ko na basarake. Ta biyu kuwa ta fitar da shi daga cikin gida baki ɗaya. Kalmar porch ta shiga Ingilishi daga Faransanci, asalinta kuma porticus ce ta Latin, kuma abin da take nufi shi ne 'yar inuwa mai rufi da ta turo gaban ƙofa, buɗe ta gefe ɗaya ko fiye. Wanda ke tsaye a cikinta bai shiga gida ba tukuna, mai wucewa kuma yana ganinsa.

Zaure ɗaki ne cikakke, mai bango ta ko'ina da ƙofofi biyu. Abin da ya mai da shi zaure shi ne dangantakar ƙofofin nan biyu: ba a sa su saitin juna, don kada idon wanda ke waje ya zarce cikin gida. A nan baƙo namiji yake yin sallama ya tsaya, a nan ake karatu da ɗaurin aure da zaman makoki, a nan masaƙi ko maɗinki yake sana'arsa, a nan kuma baƙo ko almajiri yake kwana. Schwerdtfeger (1982), a nazarinsa na gidajen Zariya, da Moughtin (1985), sun nuna jerin a zane: zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Kowane mataki yana rage yawan masu izinin wucewa. Wato Hausa ta raɗa wa waɗannan wurare suna ne bisa ga wanda aka yarje wa shiga, Ingilishi kuwa bisa ga siffar abin a fuskar gini.

Sifaniyanci yana da kalmar da ta dace da zaure kusan daidai wa daida, ita ce zaguán: wuri mai rufi a cikin jikin gida, manne da ƙofar titi, wanda ake ratsawa kafin a isa tsakar gida. Daga Larabcin Andalus ta fito, tushenta kuma usɗuwana. Dalilin dacewar a fili yake. Gidan Andalus, kamar na Bahaushe da na Babarbare, ciki yake kallo, rayuwarsa tana tsakar gida, yana buƙatar mashigi mai tace masu shigowa. Gidan Ingila kuwa titi yake fuskanta da tagoginsa. Saboda haka giɓin a Ingilishi yake, kuma abin da ya kamata mai ƙamus ya yi shi ne ya bayyana zaure da cikakkiyar jimla, ya faɗi ƙarara cewa Ingilishi ba shi da kalma guda da ta kama shi.

Akwai kuma batun karin harshe. Bakano soro yake cewa inda Bazazzagi zai ce zaure. Shigifa, wadda a Zariya mashigi ce ta biyu, a Sakkwato ɗakin ƙasa ne mai rufin soro. Gaban gida kuwa garka ne a karin yamma. Dole a yaba wa Bargery (1934), wanda a ƙamusunsa mai kalmomi kimanin 39,000 ya riƙa nuna yankin da kalma ta fito. Sai dai shi da Abraham (1949) ba su sa zane ba, alhali kalmar gini tana daga cikin kalmomin da zane ɗaya yake fin sakin layi amfani a kansu. Masu zanen gine-gine irin su Dmochowski (1990) suna da zanen, amma rabe kalma da kalma ba shi ne aikinsu ba. A wuri kamar Maiduguri, inda Hausar magina ta zo daga Kano da Haɗeja da Zariya da Damagaram ta gauraya, wannan rashin haɗuwa tsakanin fannonin biyu yana da tsada. Mutum biyu za su iya cewa soro a kan gida ɗaya, ɗaya yana nufin mashigi, ɗaya yana nufin ɗakin ƙasa.

3.0 Baranda da rumfa

Baranda baƙuwa ce, kuma tarihin tafiyarta ya isa darasi. Ingilishi ya ɗauko veranda daga Indiya a farkon ƙarni na 18, kalmar kuma tana da alaƙa da varanda ta harshen Fotugal. A Sifaniyanci, baranda ba wurin zama ba ne, 'yar tokara ce ta ƙarfe ko katako da ake dafawa a bakin bene. Hausa ta karɓi kalmar tare da abin da take nufi, lokacin da gidajen Turawa da barikoki da makarantu da kantuna suka zo da doguwar inuwa mai ginshiƙai a jikin bango. Sautin v ya koma b, kamar yadda ya faru a kalmar direba. Larabcin Sudan ma yana da baranda da wannan ma'ana, abin da bai kamata mai nazarin Hausar Borno ya manta da shi ba, ganin cewa ta nan hanyar alhazai ta ƙasa ta bi zuwa gabas. Ita kuwa barandar 'yan baranda, masu sari su sayar a cikin kasuwa, shigarta daban ya kamata ta samu a ƙamus.

Abin lura shi ne inda Bahaushe ya ajiye barandar bayan ya ara. A gidajen bulo da kwano irin na Galtimari, galibi tana cikin gida ne, gaban ɗakunan mata, tana fuskantar tsakar gida. Aikin da ta gada shi ne na rumfar kara ko ta zana da ake kafawa a ƙofar ɗaki, inda ake girki da damina, ake kitso, ake shan iska da zafin bazara. Ke nan baranda ta ƙetare shigifa ta shige inda baƙo ba ya zuwa, alhali a gidan Bature ita ce wurin tarbar baƙo. Ƙamusun da ya rubuta baranda ya sa veranda a gabanta ya tsaya, ya faɗi asalin kalmar ne kawai, ya bar ma'anarta ta yau.

Kalmar arcade ta fi wuya. Tushenta arcus ne na Latin, wato baka, kuma a nan harsunan uku sun yi tarayya mai ban sha'awa: arco na Sifaniyanci bakan harbi ne kuma bakan gini, kamar yadda maginin Hausa yake kiran lanƙwasasshen gininsa baka ko bakan gizo. Dabarar ta samo asali ne daga gazawar azara, wadda ake tsagowa daga giginya, domin ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ya wuce kimanin ƙafa shida. Sai magina suka riƙa turo azara daga bango mataki-mataki suna lulluɓe ta da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, daga nan aka samu ɗaurin guga da tulluwa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, shi ne babban misali. Amma bakan Hausa a cikin ɗaki yake, rufi yake ɗauke da shi. Jerin bakuna a bakin titi, wanda masu tafiya ke bi ta ƙarƙashinsa, ba ya cikin ginin gargajiya.

Sifaniyanci ya raba abin gida biyu. Arcada ita ce siffa, wato jerin bakuna. Soportal kuwa shi ne aiki, wato inuwar da ke gaban shaguna wadda jama'a ke bi, ko da baka ko babu, kamar waɗanda suka kewaye babban dandalin Salamanka da aka gina tsakanin 1729 da 1755. Da wannan rabo sai matsalar ta warware. Hausa tana da kalmar aikin tun tuni, ita ce rumfa, kuma duk wanda ya bi gaban jerin shaguna a Maiduguri da tsakar rana ya san ta. Siffar ce ke buƙatar bayani, kuma jerin bakuna ya wadatar. Ba a ga dalilin ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Ita ma dandali, wadda ake fassara plaza da ita, daga dandal ta Barbarci take, wato faffaɗan filin da ke gaban fadar Shehu, irin wanda aka shata a Yerwa bayan Shehu Garbai ya koma can a 1907.

4.0 Gine da 'yan uwanta

Tun da rikicin da ya soma a 2009 ya koro jama'ar ƙauyuka zuwa Maiduguri, mafi yawansu a gidajen 'yan uwa da na haya suka sauka. Gidan da ya cika kuwa, inuwarsa ake fara ci: a ja bulo tsakanin ginshiƙan baranda ta zama ɗaki, ko a huda zaure ta waje a rufe shi ta ciki ya zama shago. Wannan aiki yana da kalma guda a Sifaniyanci, tapiar, daga tapia, bangon ƙasa da ake dannawa. Ingilishi kuwa sai ya jingina da ƙaramar kalma, ya ce wall up ko brick up. Masu fassara zuwa Hausa sun saba da toshe ko rufe. A duba waɗannan:

(1) a. Ya rufe ƙofar.
b. Ya toshe ƙofar.
c. Ya liƙe ƙofar.
d. Ya gine ƙofar.

A (1a) gobe za a buɗe. A (1b) an cusa wani abu ne a kafar, ko buhu ko ƙaya ko tsohon kwano, kuma ana iya cirewa. (1c) tana nuna yaɓe, irin wanda ake yi wa bakin rumbu. (1d) ce kaɗai ta ce ƙofa ta koma bango. Gine aikatau ne ɗan aji na huɗu a tsarin Parsons (1960), ajin da ke nuna cewa aiki ya game abin da aka yi wa shi gaba ɗaya. Abin da Ingilishi ya yi da ƙarin kalma, Sifaniyanci kuma ya yi da kalmar da ya ƙera daga suna, Hausa ta yi shi da sauya wasalin ƙarshe. Ƙamusun da ya fara daga Ingilishi, irin na Roxana Ma Newman (1990), yana da amfani ƙwarai ga ɗalibi, amma duk ƙamusu mai wannan alkibla tambayoyin Ingilishi yake amsawa, kuma bambancin da ke ɓoye a ajin aikatau sai mai amfani da shi ya riga ya san yana nan kafin ya neme shi.

Hasali ma Hausa ta fi Sifaniyanci rarrabewa a nan. Tapiar ta haɗa gine ƙofa da kewaye fili da bango, Hausa kuwa ta ware katange ga fili, daga katanga, ta bar killace ga kowace irin kariya, ko danga ce ko zana ko labule. Ita gina kanta tana nufin haƙa, kamar a gina rami, abin da ya dace da sana'ar da ƙasar da aka haƙo daga kududdufi ita ce ake mulmulawa tubali.

Wannan bambanci yana da nauyi a wajen aji. Idan takardar ƙidayar ɓarna ta tambayi yawan ɗakuna daban, ta ware porch a matsayin ƙari, mai cikewa kuma ya koyi cewa zaure shi ne porch, to ɗakin da samari uku suke kwana ya fita daga lissafi. Barandar da aka gine shekaru goma da suka wuce, wadda mutanen gida har yanzu suke kira baranda saboda sabo ko da yake iyali guda ne a cikinta, ita ma haka. A rabon gado kuma, shaidar da ya ce an gine ƙofar da ke tsakanin sassa biyu yana nufin marigayi ya raba gidan tun yana da rai, wanda ya ce an rufe ta kuwa bai faɗi haka ba.

Michael Bross da Ahmad Tela Baba sun nuna hanya da Kamus na Sana'o'in Hausa (1996), wanda ya fito daga haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt, inda aka bi masu sana'a gari-gari aka rubuta kalma da yankinta. Irin wannan bi ake buƙata ga gidan bulo na birni, wanda yanzu ya haɗa zaure da falo da baranda da gareji a ƙarƙashin kwano ɗaya, kuma maginan da suka sake tayar da bangayen Galtimari bayan 2024 suna da nisan 'yar tafiya kaɗan daga Sashen Harsuna na jami'ar.